Yaya Labbo da Mace Mai Sikeli

Kun dai san wana, Yaya Labbo mai hatimi na bakin kasuwar Gummi. Ba ya karɓar aiki sai ya tura tabarau bisa goshi ya ce, "Mi ad dalili?" Roba kuwa bai taɓa saye ba. Tsohon silifas yake tsinta, ya wanke, ya sassaƙa da reza.

Ina zaune wata rana wani lauya ya zo daga Gusau da hoto cikin tsohon littafin Turawa: mace ce an ɗaure mata ido, sikeli a hannu guda, takobi a guda. Ita yake so a hatimin ofishinsa.

Yaya ya ce, "Wa ya ɗaure mata ido?"

"Alamar adalci ce, Baba. Ba ta duban fuskar kowa."

"Kai! Mai awo da ido rufe? Ai kafin azahar an kwashe mata shinkafa!"

Bayan kwana uku lauya ya dawo, ya buga a takarda. Sai ga mace da mayafi har ƙasa, ido ɗaya a waje.

"Baba, mayafin fa?"

"Ba ni sakin ɗiyar mutane kai buɗe tana yawon kotuna."

"To, idon?"

"Na rufe guda don kai. Gudan na tsaron sikeli na."

Haka lauya ya tafi da ita, yana dariya.

Da zinari ya ɓulla wajen Bukkuyum, wani mutum ya zo neman hatimin mai gari, wai na da ya ɓace. Yaya ya tambayi masu cin kasuwa, ashe gonar wasu marayu yake son ƙwacewa da takardar jabu. Sai na ga yana sassaƙawa!

Na ce, "Yaya, har da kai?"

"Yi shiru, Sani."

Mutumin bai iya karatun boko ba. Ya buga, ya kai gaban alƙali. Magatakarda ya karanta da ƙarfi: "WAGGA TAKARDA ƘARYA TA." Gona ta tsaya hannun marayu.

Mutumin ya dawo yana kumfar baki. "Ka cuce ni, tsoho!"

"Subhanallahi! Wane harafi ne bai fito ba?"

Da Yaya ya rasu, babbar cikin marayun nan ta zo ta'aziyya da goyonta. Allah Ya jiƙan Yaya, Ya sanyaya makwancinsa, Ya dube shi da rahama.