Baitin da Baba Bai Rubuta Mini Ba

Jiya ina neman takardar gona a gafakar Baba, sai hannuna ya faɗa kan marsiyyar da ya rubuta wa ƙanena Sani. Har yanzu tana ƙaurin hayaƙin ɗakinsa.

Baba ba ya yabon mai rai. Amma duk wanda ya rasu a garinmu Gwashi, sai ya zauna gindin tsamiya ya tsara masa baitoci da ajami. Sani, wanda ramin zinariya ya rufta da shi, ya samu shafi biyu: mai kunya, mai tausayin Inna. Ni kuwa da nake nome wa Baba gona kowace damina, ko "sannu da aiki" ban taɓa samu ba.

Ranar da ya karanta marsiyyar gaban jama'a, na kasa haƙuri. Da aka watse na ce, "Baba, ni fa?"

Ya goge alƙalami da bakin rigarsa. "Gaggawar mi kaka yi? Ba a auna gero yana gona."

Ga shi Baba ya riga ni tafiya, ya bar ni da kishin mamaci. Allah Ya jiƙansa, Ya haskaka kabarinsa. In Ya haɗa mu a Aljanna, Ya sa Baba ya karanta mini nawa.