Askin da Rediyo Ya Ɓata

Tun yana ƙarami ake ce masa Rediyo, saboda bakinsa ba ya hutawa. Mahaifinsa ne ya koya masa aski, surutun kuwa da shi ya zo duniya. Matarsa ta sha cewa ko a kabari sai ya tambayi maƙwabta labarin gari. Shekara ashirin da biyu yana riƙe da shago mai kujera ɗaya, kuma duk sati biyu yakan rataya jakarsa ya nufi gidan yari, ɓangaren da ake kulle mutum shi kaɗai.

Abin da doka ta ba mutanen wannan ɓangare bai taka kara ya karya ba: awa ɗaya ta shan iska a wani keji, aski, da minti biyar a gaban kwamitin da ke zuwa sau ɗaya a shekara don duba ko za a mayar da mutum cikin sauran fursunoni. Dokar ta kuma hana mai aski yi musu magana. Wanda ya rubuta ta bai san Rediyo ba. Sai ya riƙa yi wa gandiroba hirar, da ƙarfi, bakinsa daidai kunnen fursuna.

"Yallaɓai, ka ji an rushe tsohuwar gada?"

"Baba, a gabana aka rushe ta."

"To ka sake ji."

Akwai wanda ake kira Na Bakwai, saboda lambar ɗakinsa. Shekara shida ya yi a ɗakin da taku uku ke ƙure shi, daga katifa sai bokiti sai taga kamar tafin hannu. Da farko yakan yi murmushi in ana hira, daga baya ya daina, har aka shekara biyu ba wanda ya ji muryarsa. Bara ya tsaya gaban kwamiti bai ce uffan ba. Suka rubuta cewa ba shi da koke, suka tafi cin abinci. Abin ya ci wa Rediyo rai matuƙa.

Saura wata biyu kwamiti ya dawo, gandiroba ya yi suɓul da baka: in fursuna ya yi ƙorafi a kan aski, mai aski na da damar amsawa. Ran nan Rediyo, wanda bai taɓa karkata layi ba a rayuwarsa, ya bar wa Na Bakwai tsibiri a tsakiyar kai, ya nuna masa a madubi. Shiru. Zuwa na biyu ya kwashe rabin gemu. Na uku ya haɗa da gira ɗaya.

Sai wata murya ta fito a dishe, kamar ƙofar da ta yi tsatsa: "Kai wane irin mugu ne?"

Daɗi ya kusa kashe Rediyo. Suka yi minti goma suna cacar baki, kuma duk bisa doka.

Ranar kwamiti, Na Bakwai ya yi magana minti biyar cif, tiryan-tiryan, duk a kan Rediyo. Ba wanda ya tuna ya gaya masa abin da zai roƙa. Kwamiti ya ji daɗin samun koke mai sauƙi. Nan take aka sallami mai aski, aka rubuta cewa an share wa fursuna hawaye, aka mayar da shi ɗakinsa sai baɗi.

Bayan wata uku gandiroba ya zo shago aski, ya zauna.

"Baba, mutuminka fa duk zuwan sabon mai aski sai ya tambaya ina mugun nan."

"Da bakinsa?"

"Da bakinsa. Wai girar ta fito, yana jiranka."

Rediyo ya ɗauko injin aski. "Ɗana, ka ce masa ya bar jirana. Baɗi ya roƙi a fitar da shi, kada ya sake ɓata minti biyar a kan tsohon banza."

"Baba, ni ma an hana ni hira da shi, sai in shi ya fara tambayata."

"Zai tambaye ka gobe," in ji Rediyo. Ya dafe kan gandiroba, ya kafa masa injin a tsakiya.