Na Bari Aka Kira Ɗana Audi Alhali Ubansa Yana Raye

A farkon shekarun casa'in ni malamar firamare ce a Unguwar Kanawa, matar soja, uwar 'yan mata biyu, ga cikin na uku. Duk wanda ya san ni a lokacin ya san ba ni da haƙurin jira, ko shinkafa na ɗora sai na ishe ta da buɗe tukunya. Maigidana kuwa ba haka yake ba. Daga sakandare ya shiga soja, ya yi laftanar, ya yi kyaftin, ya sha yawon barikoki har aka dawo da shi Kaduna yana manjo. Ba ya da yawan magana, amma in ya cire kaki ya sa jallabiya sai ya zauna a tabarma yana tsokanar 'ya'yansa, kowacce da sunan da ya laƙaba mata.

Cikina yana ƙarami aka tura su aikin kwantar da tarzoma a wata ƙasa ta Afirka ta Yamma. Ba a daɗe ba wani hafsa ya zo gida ya shaida mini cewa 'yan tawaye sun yi musu kwanton ɓauna, sun tafi da maigidana. Ya nanata cewa a wurinsu ɓacewa ya yi, ba su ce ya mutu ba, ya roƙe ni in yi haƙuri in jira. Jiran nan shi ya gagare ni. Ni ba matar aure ba, ni ba mai takaba ba, mata su zo su rasa ko jaje za su yi mini ko gaisuwar mutuwa. Da wani saje ya dawo da rauni ya ce shi dai ya ga an harbi manjo an ja shi cikin daji, sai na riƙe maganar nan gam. Yayan mijina ya ce a bi a hankali, tunda sajen bai ga gawa ba. Na ce masa shi yana kwana da iyalinsa, ni ce nake kwana da zullumi. Na yi ta kuka har danginsa suka gaji, aka yi sadaka, na shiga takaba.

Da na haihu namiji ne, sai aka mayar masa da sunan ubansa. Ranar suna surukata ta zo daga Rigasa, ta rungume jaririn tana hawaye ta kira shi Audi, kamar yadda ake kiran wanda aka haifa bayan rasuwar uba. Ina ji ban hana ba. Kafin a yaye shi duk unguwa ta ɗauka.

Bayan shekara biyu da wani abu aka yi musayar fursunoni, sai ga maigidana, ya rame kamar ba shi ba, yana ɗingisa ƙafa. Gida ya cika da murna da salati. Ana cikin haka wata maƙwabciya ta ɗaga murya ta ce Audi ya zo ya gaida babansa. Na ga fuskarsa ta canza. Ya dubi yaron, ya dube ni. Sai bayan kwanaki ya faɗa mini cewa duk azabar da ya sha, abin da ya riƙe shi shi ne tunanin ana nan ana jiransa a gida. Ya ce bai riƙe ni a zuciya ba, kuma na yarda, don bai taɓa yi mini gori ba.

Na yi iya ƙoƙarina in kankare laƙabin, na yi faɗa da maƙwabta, na je har makarantar yaron, amma suna in ya bi mutum ya bi shi ke nan. Uban kuma ya rasa yadda zai kira shi. Sunan yanka nasa ne, nauyinsa yake ji, laƙabin kuwa cewa yake ya mutu. Sai ya koma cewa kai yaro. Ya yi ritaya, ya zauna a gida, yana kiran 'yan matan da sunayensu na wasa, ɗan yana gefe yana ji. Yaron ya tashi da zaton ubansa ba ya son sa, ni kuma kunya ta hana ni faɗa masa dalili, sai bayan da uban ya rasu da gaske. Da na gama yi masa bayani tambaya ɗaya ya yi mini, me ya sa ban faɗa ba tun ana iya gyarawa. Har yau abin yana ci mini rai.

Abin da na koya shi ne rashin tabbas yana da ɗaci, amma gaggawar raba kai da shi ta fi shi ɓarna. 'Yan'uwana mata, musamman waɗanda aka sace musu miji ko ɗa, kada gajiya ta sa ku yanke hukuncin da Allah bai yanke ba. In kuma kun riga kun yi kuskure, ku faɗa wa yaranku da wuri. Ni na yi shiru, har aka ɗauki gawar maigidana ɗansa yana tsammanin laifi ya yi masa.