Rafin da Na Nuna wa Ilu

Jama'a, yau na ga cin amana ƙiri-ƙiri!

Akwai wani ɗan rafi can cikin daji bayan unguwar Akpakpa, inda babanmu ke shayar da shanu kafin ya shigo da su kasuwa. Sirrin gidanmu ne. Bara na kai Ilu, abokina tun na yarinta, na ce ya bar shi a cikinsa. Ya rantse har da dafa Alƙur'ani.

Yau da safe ya biyo ta ƙofar gidanmu a Zango, na ba shi goro. Ya ce asibiti za shi, duba gwaggonsa. Ni kuma na hau keke na tafi ganin ruwan, don shanuna suna hanya.

Na jingine keken, na bi gaɓar rafin a ƙasa. Shiru, sai kukan tsuntsaye. Ina shan kwana sai ga turaku an kakkafa, an ɗaura musu jan ƙyalle! 'Yan kwamitin juyin juya hali na gwamnati suna awon fili da igiya. Wa ke riƙe da bakin igiyar? Ilu!

Na ce, "Ilu, nan ne asibitin?"

Ko kunya babu. Ya ce, "Kamarad, wurin nan ya zama gonar haɗin gwiwa, ni ne shugaba. Dabba ba za ta ƙara shan ruwa a nan ba."

Wai kamarad, irin kiran da 'yan juyin juya hali ke yi wa juna! Mutumin da innata ta goya!

Yana magana yana tauna. Wallahi goron da na ba shi ne a bakinsa.