Talabijin Ɗin Matar Fundi Vuai

Duk wanda ya zauna a unguwar Mwembeladu ta tsibirin Unguja ya san Fundi Vuai Pandu, in bai san shi don zumunci ba ya san shi don talabijin. Gajere ne mai faɗin kunne, tabaraunsa ɗaure da zare, yana tafiya a karkace kamar har yanzu akwatin talabijin ɗin wani na kan kafaɗarsa. Shagonsa wani lungu ne a bayan kasuwar Darajani, wanda in ka shiga sai dai ka fito da baya. A hannun wani Ba'indiye mai gyaran rediyo ya koyi aiki. Da Ba'indiyen ya tattara ya bar Unguja, ya bar masa ƙarfen liƙi, da dalma, da ɗabi'ar yi wa injin magana cikin lallashi, irin lallashin da matarsa ba ta taɓa samu ba.

Aiki kuwa bai taɓa yanke masa ba. Iskar tsibirin nan gishiri ce da laima, tana cin ƙarfe, tana cin waya, tana cin gwiwar tsofaffi. A cikin kowane akwati akwai waɗansu 'yan gwangwanaye da ba su kai ɗan yatsa ba, masu gyara na ce musu kafasita. Su ke riƙe wuta su sake ta a hankali. In sun tsufa sai kansu ya kumbura, su riƙa tsiyayar da wani ruwa mai ƙarni. Daga nan hoto ya tsuke, mai karanta labarai ya koma wada, ko akwatin ya yi ta ƙugi ya ƙi tashi sai ya ɗumama, kamar mijin da aka aika kasuwa. Sababbi sai jirgin ruwa ya kawo daga Darussalam, kuma rabinsu tarkace ne. Shi ya sa kowane fundi, wato mai gyara, a garin yake da akwati guda da yake yanka yana raba wa sauran. Masu hankali suna yanka wanda mai shi ya manta da shi. Vuai na matarsa ya yanka.

Matar tasa, Bi Mize, doguwa ce, mai toya wainar shinkafa da kwakwa a ƙofar gida, mai harshe kamar almakashi. Akwatin nata ne na kanta, ba na aure ba. Yayanta Hamdu, ma'aikacin jirgi, shi ya kawo mata, ƙirar Japan mai jikin katako, sai ƙarti biyu sun kama. Shekarun farko a kan dakali ake ajiye shi bayan magariba, unguwa ta zo da tabarmi, ita kuma tana zaune a gefe tana raba wa mutane wurin zama kamar mai gidan silima.

Ranar da za a buga wani babban wasan ƙwallo, akwatin mai shagon gahawa ya mutu. Vuai ya dawo gida da rana, ya ci shinkafarsa da kifi, ya wanke hannu, ya juya akwatin matarsa ya kwance bayansa.

"Me kake nema a nan, Baban Zuwena?"

"Aro zan yi. Guda ɗaya tak. Jirgin Alhamis zai kawo sabo."

"Wace Alhamis ɗin? Allah ya yi su da yawa."

To, abin da ya ɓata lamarin shi ne, a wannan karon ya mayar. Da bai mayar ba da ta sa wa akwatin kwaɗo tun ranar. Sai ya ara na biyu ya mayar a makare, ya ara na uku ya manta. Kullum akwai wanda ya fi ta gaggawa: mai unguwa, limami mai son labaran duniya, wata amarya mai kuka. Ita kuwa matar gida ce, ina za ta je? Wata rana aka murɗa akwatin ya yi ɗan tari ya yi shiru.

Bi Mize ta ɗinka masa riga mai leshi, ta ɗora masa furen roba. Da matan unguwa suka tambaya ta ce ƙararsa ke sa mata ciwon kai. Ba wadda ta yarda, ba kuma wadda ta musa, don kowace tana da abin da ta lulluɓe a ɗakinta. A waje ta rufa masa asiri ruf. A ciki kuwa ba ta rage masa komai ba.

"Sannu da zuwa, likita. Yau wa ka tayar daga mutuwa?"

"Na mai unguwa ne, sauti ya ɗauke."

"Allah ya ba da lada. In ka huta ka leƙa falo ka yi wa gawar gidanku addu'a."

Sai ya yi dariya, ya ce wannan makon. Yana jin daɗin tsiyar ma. Ya ɗauka hira ce irin ta tsofaffin ma'aurata, kamar yadda wasu ke faɗa kan gishirin miya.

'Yarsu ɗaya ce, Zuwena. Ta tafi Maskat wurin gwaggonta, ta samu miji a can. Ana saura kaɗan biki ciwon suga ya buɗe wa Bi Mize gyambo a ƙafa, likita ya ce ko ƙofar filin jirgi kada ta je. Vuai ne ya tafi. Ya zauna cikin maza, ya sha gahawa, ya ci alewa, ya ga 'yarsa na ɗan lokaci a lulluɓe, ya dawo. Matarsa ta zaunar da shi tun bai cire takalmi ba.

"Me ta sa?"

"Kaya."

"Na san ba tsirara aka kai ta ba. Wane iri?"

"Masu kyau. Masu walƙiya."

"Kai dai an yi asarar kuɗin jirgi."

Amma ya zo da abin da ya fi bakinsa. Surukinsu ya aiko da na'urar bidiyo sabuwa fil, da kaset na bikin ɓangaren mata. Uwar ango da kanta ta damƙa wa Vuai, ta sa ya yi alkawari: matan mutane ne a ciki, kai ba ɗankwali, suna rawa. Ba na shago ba ne, ba na gidan da maza ke shige da fice ba. Na ɗakin uwar amarya ne.

Ya ce zai ɗauko mata akwatin wani daga shago ta kalla.

"Ka ratso Mwembeladu da akwatin aro a kai? Bayan shekarun da na yi ina ciwon kai saboda kai? Ba zan kalli 'yata a kayan mutane ba. Ga nawa nan. Ka mayar masa da hanjinsa."

Ya ce wannan makon. Ta naɗe kaset ɗin a zane, ta sa cikin akwatin kayanta tare da kanumfari saboda laima. Damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa. Zuwena na bugo waya gidan maƙwabta tana tambaya, uwar tana cewa ai ta gani, kin yi kyau, sai dai mai kwalliyar ta cika miki jan baki. Vuai yana jin ƙaryar, yana sunkuyar da kai, gari ya waye ya tafi gyaran na wasu.

Bai lura tsiyar ta ragu ba. Mazan nan, in mace ta yi shiru sai su ɗauka sun ci nasara. Bai lura ta bar wa 'yar maƙwabta tsintar shinkafa ba, bai lura tana shafa bango in za ta fita tsakar gida ba. Sai ranar da Bi Mtumwa, maƙwabciyarsu ta jikin katanga, ta zo har shago, ta tsaya a bakin ƙofa don ba ta iya shiga.

"Fundi, ajiye wannan ƙarfen ka dube ni."

"Bi Mtumwa, in naki ne sai jibi."

"Nawa lafiyarsa lau, don ban taɓa kawo maka shi ba. Jiya mun je ta'aziyya gidan su Makame. Ka san zanen da matarka ta ɗaura?"

Zanen kanga dai kowanne da rubutunsa a gefe, kuma ba macen da ke fita ba ta karanta abin da ta ɗaura ba, balle Mize, wadda ta sha gasa wa mata magana da zane ba ta buɗe baki ba. Tana da biyu masu launi iri ɗaya, ɗaya na jaje, ɗaya na murnar aure. Na murnar ta ɗaura, ta zauna da shi gaban matar mamaci.

"Na cire mayafina na rufa mata cinya. Ta ce mini me ya faru. Fundi, ba ta sani ba. Matarka ba ta gani, kai kuma da idanu huɗu ba ka ga haka ba."

Bai rufe shagon da kyau ba ma. Ya isa gida ya tarar da ita tana kankare kwakwa, ya tsaya a gabanta bai yi magana ba. Ta ɗago, ta kalli wajen kafaɗarsa.

"Waye?"

A asibiti suka ce sugan ya ci jijiyar idon, abin da ya rage a lallaɓa shi, ba ya dawowa. Da suka koma gida ya cire furen roba, ya cire rigar leshi, ya juya akwatin.

Ciki kamar kangon gida. Ƙwan tsaka, gawar kyankyasai, da guraben da shi da hannunsa ya bari, a jere kamar bakin tsohuwa. Waɗanda bai sata ba ma zama ya kashe su, sun kumbura sun zubar. Ya taɓa sukundireba a bayan gilashin don sauke tsohuwar wuta, ko ƙyas bai ji ba. Ya bi shagunan kayan gyara, samarin da ke ciki suka ce Mzee, wato dattijo, wa ke neman wannan yanzu, ga masu faɗi marasa ƙeya suna shigowa daga Dubai. Ya koma shagonsa ya bi akwatunan da aka watsar yana ciro na ciki, yana gwadawa, yana jefarwa. A ciki har ya ci karo da nata guda biyu, ya gane su da irin liƙinsa.

Karon farko da ya kunna, wani siririn layi ne ya fito a tsakiya. Karo na biyu hoto ya zo yana rawa kamar an hango shi a ƙasan rijiya. Ya aro na'urar busar da gashi a shagon kitso, yana hura wa kafasita zafi ɗaya bayan ɗaya. Wanda hoto ya miƙe in ya ji ɗumi, shi ne mai ciwon, sai ya cire shi. Ga hayaƙin dalma ya cika falo, ga gumi, ga shi yana ce wa akwatin haba babba, haba ɗan albarka. Bi Mize na zaune a kan tabarma tana jinsa.

"Da ni ka yi wa wannan muryar da tuni na haifa maka goma."

Wata ranar Talata bayan azahar hoton ya tsaya cak, launi ya zauna. Ya rufe taga, ya sa sakata, ya haɗa bidiyon. Ita ta kwance zanen da hannunta ta miƙa masa kaset ɗin yana ƙamshin kanumfari. Ya tura shi, ya jawo mata kujera gab da gilashin, shi kuma ya juya baya ya fuskanci bango, saboda matan mutane.

Kiɗa ya tashi, guɗa ta cika ɗakin. Ya ji kujerar ta matsa. Ya ji ta sake matsawa. Ya saci kallo ta gefen ido, ya ga hancinta ya kusa taɓa gilashin, tafin hannunta a kai, tana bin haske da shi.

"Akwai wani kore a tsakiya," in ji ta. "Ita ce?"

Ya mayar da idonsa ga bango.

"Baban Zuwena, da kai nake. Juyo."

"Na yi alkawari, Mize. Matan mutane ne."

"Alkawura nawa ka yi a ɗakin nan? Wannan ne kaɗai za ka cika? Juyo ka gaya mini, zunubin a wuyana."

Ya juyo. Shekara da shekaru yana kallon gilashi, amma layi yake nema, da inuwa, da inda ja ya rinjayi shuɗi. Bai san sunan ko ɗaya daga abin da ke jikin 'yarsa ba.

"Ita ce. Hoton ya fita tas."

"Ban tambaye ka aikinka ba. Me ke wuyanta?"

"Sarƙa. Babba. Da wasu abubuwa suna reto."

"Lallen fa? Ya kai gwiwar hannu?"

"Ya wuce."

"Baƙi ko ja?"

"Baƙi da ja. Kamar reshe da ganye."

Ta gyaɗa kai. Wata murya ta rangaɗa guɗa, Bi Mize ta ce wannan gwaggon Zuwena ce, tun suna yara haka take yi kamar an taka akuya. Ta tambaye shi ko yarinyar ta rame. Ya ce a'a, ta yi kumatu. Ya cire tabarau ya goge a riga ya mayar, bai taimaka ba.

"Tana dariya?"

"Tana yi. Yanzu kuma ta daina. Tana duban ƙofa, kamar mai jiran wani ya shigo."

Bi Mize ta ɗauke hannunta daga gilashin ta ajiye a cinya. Kiɗa na ta yi.

"Mayar da shi baya," ta ce. "Daga inda ta shigo. Kuma wannan karon ka buɗe baki sosai, ka fara daga ƙafa."