Karen da ke Tsoron Ruwa

Shekarar da aka yanke mu daga Sakkwato aka ba mu jihar Kebbi, abokan karatuna suka sami kujeru a Birnin Kebbi. Ni kuwa aka tura ni koyarwa Wara, na kama ɗaki a gidan wani masunci kusa da bakin ruwa. Rabona daga sabuwar jiha bai wuce kare ɗaya ba.

Mai gidan nawa ne ya hango buhu yana motsi kusa da gaɓa wata safiya, bai gama nutsewa ba. Ya jawo shi da filafilin tuƙa kwalekwale, ya kwance, ya ga abin da ke ciki, ya yi a'uzubillahi, ya zazzage shi kan yashi. Ɗan kare ne ja, bai fi kyanwa girma ba. Wanda ya ɗaure bakin buhun nan ya iya ƙulli, wannan kam na shaide shi. Na sa karen a kwalin alli na kai shi bayan gida.

Ƙarƙashin wani tsohon kwalekwale da aka kife ya shige, can ya tare. Ba haushi, ba kaɗa wutsiya. Sai rawar jiki. Idan aka kira shi ya ƙara lafewa, idan aka dube shi ya kau da kai. In kuwa ya ji an tsiyaya buta, ko mata sun juye ruwa a randa, sai kyarma ta kama shi har haƙoransa na haɗuwa. Ga shi gidan masunta ne, inda ruwa ba ya daina zuba.

Na yi shekaru ina koyarwa, na san tsawa ba ta buɗe bakin mai jin tsoro. Sai na daina kiransa. In ajiye masa kan kifi, in zauna gefe, in juya baya. A haka na gane yana ci, muddin ba ido a kansa. Ruwa kuma ba ya kusantar kwano, sai dai ya lashi jiƙaƙƙen yashi. Na samo masa fasasshen kasko marar zurfi. Ya sha.

Amma magana ta riga ta fita. Wani ya jiyo a asibiti cewa mahaukacin kare yana gudun ruwa. Ran nan bayan la'asar sai ga mai unguwa da mazaje riƙe da sanduna, an cika daro da ruwa ana biye da su.

“Malam,” in ji mai unguwa, “wanga kare naka ba shi da lafiya. Muna da ɗiya ƙanana. Ka fiddo shi.”

“Ranka ya daɗe, wa ya ciza?”

“Sai mun jira ya ciza?”

Tambayarsa ta fi tawa, ban musa ba. Na dai ce, ni a karatuna, mutumin da aka ciza shi ke gudun ruwa, ba karen ba.

“To, ga ruwa. Shi sha mu gani.”

Aka dire daron a bakin kwalekwalen, ruwa ya fantsama. Karen ya hau kyarma har katakon na amsawa. Wani daga baya ya ce, “Kun gani? Malamin boko da ɗalibinsa!” Aka yi dariya, sanduna suka matso.

Na je na zauna kan kwalekwalen, na naɗe ƙafa. Na ce, “Baba mai gida, gaya musu inda ka same shi.”

“Cikin buhu,” ya ce, yana kallon ƙasa. “Cikin ruwa.”

Na ce, “To, ku da aka haifa a bakin ruwan nan, a cusa ɗayanku a buhu a jefa tafki, gobe a kawo masa daro a ce ya nuna hankalinsa. Karen nan zai sha, amma ba da idonku a kansa ba. A ɗauke daron, kowa ya juya baya. In bai sha ba, ku fara da ni, don ba zan tashi ba.”

“Mu juya wa kare baya?” in ji mai unguwa.

“Kun juya wa wanda ya jefa shi, ba ku ma tambayi ko wane ne ba.”

Mai unguwa ya daɗe yana kallona. Sannan ya gyara babbar rigarsa, ya fuskanci danga. Sauran suka bi, suna gunaguni. Na zuba ruwa a kasko a hankali, na tura, ni ma na kau da kai.

Muka yi tsit, manyan mutane da gemu, muna kallon danga. Har na fara shirya abin da zan ce idan sanda ta sauka. Can sai muka ji: lak, lak, lak.

Mai unguwa bai waiwayo ba. Ya ce, “Ka ɗaure shi dai,” ya kama hanya.

Ban ɗaure shi ba, ɗaurin da aka yi masa a buhu ya isa. Bai taɓa zama mai gadi ba, bai kuma daina kyarma ba in an tsiyaya buta. Har na bar Wara ana ce mini malamin kare, ina kuwa amsawa.