Fartanyar Dokta Sabo

Har yau ban manta da Asabar ɗin da na kai 'yan gayya kan tudu ba, kuma duk sabon da ya shigo aikin nan sai na ba shi labarinta.

Ga wanda bai sani ba, a tuddan gabas da Manchester akwai hanyoyin ƙafa da mutane ke bi don yawon shan iska, mu kuma 'yan sa-kai muke gyara su a ƙarshen mako. Muna shimfiɗa duwatsu, mu yashe magudanan ruwa, mu dasa ciyayi a gefen hanya don kada ruwan sama ya kwashe ƙasa. Shugabarmu Margaret ce, ma'aikaciyar gandun dajin da tuddan ke ciki, ita kaɗai ke cin albashi. A ƙarƙashinta akwai jagorori, kowanne da yankinsa. Na yi shekaru ina ɗaukar dutse kafin a watan Afrilun waccan shekarar ta ba ni yanki na gwaji. Ta ce in na riƙe shi da kyau, nawa ne.

Hannu ya yi mini kaɗan, sai na yi shela a masallacinmu na unguwar Hulme. Magana ta kai Birmingham, Dokta Sabo ya cika mota da mutanen unguwar Aston ta can suka zo. Dattijo ne, likita, sa'an babban yayana, kuma ba ya zama minti biyar bai tuna maka cewa shi ɗan manoma ne ba. Da ya buɗe bayan mota sai ga kula cike da masa, ga fartanyu uku da ya taho da su tun daga Kano saboda lambunsa. Na yi dariya kawai.

Na raba mutane gida biyu. Na ce wa Dokta su yashe magudanar ƙasa, in sun gama su huta su jira ni. Ni da sauran muka hau sama wajen duwatsu.

Da azahar na sauko. Magudana dai ta yasu fes. Amma gefen hanyar, hagu da dama, an nome shi tas, baƙar ƙasa tsirara kamar tsakar gidan da aka share don suna. Ciyayin da ƙungiyar Margaret ta dasa a durƙushe cikin sanyin hunturu suna tare tsibi-tsibi.

“Injiniya, ka ga aiki!” in ji Dokta, yana share gumi. “Mun gama drain ɗin da wuri, ai ɗan gayya ba ya zama. Turawan nan sun bar ciyawa ta cinye hanya. Maciji ma sai ya ɓuya.”

“Yaya Dokta, shuka ce fa! Dasa ta aka yi, it took them the whole winter!”

“Ciyawar?”

Takaici ya cika ni. Da ɗalibi ne da na wanke shi tas, amma yaya za ka yi wa mai furfura tsawa a gaban jama'arsa? Gyaran gangar Auzinawa ke nan, kuma a yankina.

Muna cikin haka Margaret ta iso. Ta dubi gefen hanyar, sannan ta tambaya wa ya yi wannan. Dokta ya matso da fara'arsa ya ce, “We did, madam. No need to thank us.” Na so ƙasa ta tsage in shige.

Ta durƙusa ta ɗauki tsiro ɗaya ta duba saiwarsa. Ta ce mini bai mutu ba tukuna, kuma ana sa ran ruwa mai ƙarfi da yamma. In komai ya koma ƙasa kafin ruwan, za ta bar mini yankin. In ba haka ba gangaren zai zaizaye, ita kuma ta rufe hanyar ta ba wani jagora yankin.

Na fassara wa waɗanda ba su ji ba. Dokta ya ɓata rai ya ce a garinsu mai dasa ciyawa dalma ake nema masa, don ya haukace. Na ce, “Yaya, ka ɗauka dashen gero ne.” Ya harare ni, ya naɗe hannun riga, ya jera mutanensa layi. Haka muka yi ta yi a durƙushe cikin taɓo, masa ta huce a kula ba wanda ya waiwaye ta. Ruwa ya same mu a kan tsibi na ƙarshe, muka ƙarasa a jiƙe sharkaf. Wasu tsirran sun mutu, amma yawanci sun kama, yankin kuma ya zauna a hannuna.

Abin da na koya shi ne, a wannan aiki rago bai cika ba ni tsoro ba, mai himmar da ban nuna wa abin da ba a taɓawa ba shi ne abin tsoro. Yanzu kafin kowa ya riƙe kayan aiki sai na zagaya da shi, fartanya kuwa a mota take kwana.

Dokta yana zuwa duk wata. Kwanan baya wani Bature ya kauce hanya ya taka gefe, sai na jiyo muryarsa daga can ƙasa: “Excuse me, sir! Kai, sauka mana daga kan shuka!”